Bombon Tsami da Rabin Fuskar Baba

A cikin aji na fara ganinsa, a lakwal ɗin da nake koyarwa a Madawa. Ina rubutu a allo, na juyo sai na ga wata yarinya a layin baya ta runtse ido, bakinta ya tattare kamar bakin zabira, hawaye na bin kumatunta. Na ɗauka kunama ce ta harbe ta. Na nufe ta da sauri, sai ajin ya fashe da dariya. Ta kusa da ita ta ce, "Madam, ba komi ba ne, bombo ta sha."

Na sa ta tofar da shi a tafin hannunta. Wani ɗan dunƙulen alawa ne ƙanƙane, bai fi ƴaƴan magarya girma ba, kore shar. Na bi aljihunan yara na tattaro sauran. Kowane ɗaya da ƴar ledarsa, da rubutun da ba Faransanci ba, don ta Najeriya ƴan kasuwa ke shigo da shi. Akwai ja, akwai rawaya, akwai shuɗi, akwai wani mai duhu kamar ɗinya. A jikin kowanne an barbaɗa wani farin gari, kuma a garin nan duk masifar take. Yara ba su damu da sunan da ke jikin ledar ba, su "yamutsa-huska" suke ce masa.

Da aka fita shan iska na jefa ɗaya a bakina don in san abin da nake hanawa. Ni ƴar ƙauye ce, na tashi da ɗanyar tsamiya da yakuwa da nonon da ya kwana, ban taɓa zaton akwai tsamin da zai ba ni mamaki ba. Wannan kuwa sai da na dafa tebur. Ya kama gefen harshena, ya bi ta ƙasan kunnuwa, yawu ya cika mini baki, haƙorana suka mutu. Ina shirin tofarwa sai tsamin ya sake ni, zaƙi ya biyo baya, irin na kowace alawa. Daga baya yaran suka gaya mini yadda ake wasansa: a jefa a baki lokaci ɗaya, a zuba wa juna ido, wanda fuskarsa ta fara motsi shi ya faɗi. Mai haɗama da ya sha da yawa a jere, harshensa kan saɓule, ya yini ba ya iya cin tuwo mai zafi.

Na hana shan shi a aji. Amma da layya ta matso, ina sayen tsarabar gida, na ga shi jibge wurin wani mai tebur a tasha, na ce bari in riƙe wa ƴaƴan wana su ma su ga abin birni.

Ƙauyenmu yana ƙasar Buza, ba nisa da Tabotaki, a kan tudun da dutse ya fi ƙasa yawa. Baba manomi ne tun tashinsa. Yana saurayi ya yi aikin jera duwatsu a wajen Keita, lokacin da ake tare ruwa a kan fako don ƙasa ta farfaɗo, kuma da hannunsa ya mayar da wani fakon da kowa ya raina gonar hatsi, rami bayan rami. Abin da aka fi saninsa da shi a garin shi ne dauriya. Ba a ganin ciwo a fuskarsa, ba a ganin tsoro. Inna takan ba mu labarin ranar da dutse ya murƙushe masa babban yatsan ƙafa, ya ɗaure da tsumma ya ƙarasa aikinsa, sai da ta ga jini a takalminsa ta sani. Ni kuwa sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba. "Uwata" yake ce mini, ko a gaban baƙi, ko yana faɗa.

Layyar shekarar ta faɗo a farkon damina, an yi shuka, hatsi ya fara tsayawa da ƙafarsa. Washegarin salla da safe na kai wa Baba kunu, ya karɓa da hannun hagu. Na ga Inna ta dube shi. Ya ce ai a kan hannun ya kwana. Bai fita gaisuwar salla ba kamar yadda ya saba, ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a runfar tsakar gida, ya jingina da ginshiƙi yana amsa gaisuwar masu shigowa da gajerun kalmomi. Ban kawo komi a raina ba. Baba dama ba mai yawan magana ba ne.

Da hantsi Inna da matar wana suna suyar nama, hayaƙi da ƙamshi sun cika gidan, na fito da tsarabar na raba wa yara. Nan da nan tsakar gida ta kacame. Wannan na tsalle, wannan na fifita baki da hannu, wani ya ruga randa. Har matar wana ta karɓi ɗaya, ta yar da ludayi tana salati. Ƴar wana ta fari, wadda ke wasan jika da kaka da Baba, ta ɗauki kore ta je ta durƙusa gabansa.

Ta ce, "Maigidana, an ce kai ba ka jin ciwo. In kai namiji ne sha wanga, kada huskarka ta motsa."

Ya dube ta, ya dubi abin. Na san ba ya so. Amma bai taɓa mayar da hannun yarinyar nan ba. Ita ta ɓare masa, ya buɗe baki ta sa masa. Yara suka kewaye shi suna jira.

Tsamin ya kama shi kamar yadda yake kama kowa. Gefen hagu na fuskarsa ya tattare, kumatu ya hau, bakin ya ja sama. Gefen dama kuwa ya tsaya yadda yake, kamar ba nasa ba, leɓen ya rataya, wani siririn yawu kore ya gangaro kan gemunsa bai sani ba. Yara suka yi ta tafi suna cewa rabi ya ci, rabi ya faɗi. Ni ma na fara murmushi, don na ɗauka wasa yake musu.

Inna ce ba ta yi dariya ba. Ta bar kaskon a kan wuta ta taso, tana goge hannu a zane. Ta kori yaran da kalma ɗaya. Ta durƙusa, ta sa yatsa ta fiddo bombon daga bakinsa, abin da ban taɓa ganin ta yi ba, ta taɓa fuskar mijinta a gabanmu.

Ta ce, "Malam, ɗaga hannunka na dama."

Ya ce, "Ba komi." Kalmar ta fito da nauyi, kamar mai magana da tuwo a baki.

"Ɗaga in gani."

Hannun ya taso kaɗan daga cinyarsa, ya koma.

Kafin a jima gida ya cika. Gwaggo, yayar Baba, wadda ke zaune a bayan gidanmu, ta shigo tana cewa iska ce ta buge shi, ta san irinta, ta taɓa kama kakanmu a gindin wata tsamiya. Ta ce kada a kuskura a kai shi a yi masa allura, a kawo garwashi ta turara shi. Inna ba ta yi musu da ita ba, don ba ta taɓa ɗaga wa dangin miji murya ba. Ta ce, "To, Yaya, ki hura garwashin." Sannan ta juya wurin wana, wanda bai daɗe da dawowa daga bida ba, wato ci-rani, ta ce da shi ƙasa-ƙasa, "Tahi ka samo moto yanzu."

A kan moto, wato babur, aka kai shi Buza, mai tuƙi a gaba, Baba a tsakiya, wana a baya ya rungume shi, an ɗaure ƙafarsa ta dama da rawani don kada ta ja ƙasa. Ni da Inna muka bi su a kan wani. Hanyar duk duwatsu ce da kwazazzabai, ruwan sama ya ƙara cinye ta. Duk tsawon tafiyar ina hango hular Baba tana rangaji a kafaɗar wana.

A likita, ƙaramin asibitin garin, majo mai duba marasa lafiya ya auna tansiyonsa, ya sake aunawa. Ya ce jini ne ya hau ya taɓa kai, kuma abin bai gama sauka ba, sai a wuce da shi babban asibiti a Madawa. Ya tambayi yadda aka gane. Da na ba shi labari ya ce, "Kun yi sa'a. Da yawa sai sun faɗi a gona ake kawo su." Baba yana kwance yana ji. Ya juya fuskarsa wajen bango.

Kafin la'asar ta wannan rana hannun da ƙafar sun tafi gaba ɗaya. Magana ma ta kusa tafiya. Ya yi kwanaki a asibiti, da aka sallame shi aka kawo shi gidana, saboda ya fi kusa da masu duba shi. Mijina ya bar masa ɗakinsa. Ni ke dafa masa abinci marar gishiri, ni ke wanke tufafinsa, ni ke karɓo magani a farmasi. Amma in na shiga da sallama, sai ya rufe ido. In na gaishe shi, ya ɗaga yatsun hagu kawai. Yana yi wa Inna magana da ɗan abin da ya rage masa na harshe, yana yi wa wana, har mijina yana amsa masa. Ni ce dai babu. Kalmar nan "Uwata" ta ɓace daga bakinsa, kuma na san ba ciwon ne ya ɗauke ta ba.

Wata rana da azahar ina shara a bakin tagar ɗakin na ji yana gaya wa Inna, kalma ɗaya-ɗaya, tana taya shi haɗawa. Ashe tun asuba ya ji jikinsa ya sake. Niyyarsa ya daure har baƙin salla su watse, in ya so ya faɗa mata su biyu. Ya ce, "Ta kawo abin wasa... ta tona ni... gaban yara. Sunka yi mini tahi."

Inna ta ce, "Da ba a tona ka ba, da yanzu muna karɓar gaisuwarka."

Ya ce, "Da ya hi."

Na jingine tsintsiyar na shiga madafa na zauna. Ban yi fushi da shi ba. Na san mutumin da ya haife ni. Shekara da shekaru ya gina wannan fuskar da ba ta nuna komi, da ita yake shiga mutane, sai ga shi ta rabu biyu a gaban jikokinsa, ana tsakiyar salla, saboda alawar yara.

Da ya ɗan samu sauƙi ya matsa a mayar da shi gida. Aka mayar da shi. Ya shige ɗakinsa ya ƙi fita. Abokan zamansa na ƙofar masallaci suka yi ta zuwa, ya ce a ce musu yana barci. Kullum da ƙyalle a hannun hagu yana tare gefen bakinsa. Abinci kuma ya zama masa aiki: ya ce komi ɗanɗanon ƙasa yake masa, bakinsa a bushe, in ya haɗiya ya sarƙe. Gwaggo ta yi turarenta, Inna ta bar ta, ta kuma ci gaba da ba shi ƙwayoyin likita a kan lokaci. Wana ya fasa komawa bida, ya riƙe gonar. Ni kuwa nakan zo duk ƙarshen mako da na samu hali, in gaishe shi daga bakin ƙofa, in koma wurin Inna. Haka damina ta wuce, aka yi girbi ba tare da ya ga zangarniya ɗaya a tsaye ba.

Bayan kaka, wata Asabar ina gida, sai ga taubashin Baba daga wajen Keita, ɗan ƙanwar mahaifinsa. Tsoho ne siriri mai surutu, haƙoransa na gaba duk sun zube. Tare suka yi aikin duwatsu suna samari, kuma tun da na san su ban taɓa jin sun gaisa ba tare da zagin wasa ba. Inna ta tare shi ta ce Malam na barci.

Ya ce, "Bawa ba ya barci ubangijinsa na tsaye." Ya ɗaga labule ya shige. Ni da Inna muka bi shi har bakin ƙofa.

Baba ya ja ƙyalle ya rufe baki. Taubashin ya zauna a gefen gadon kara, ya dube shi sama da ƙasa, bai ce sannu ba, bai ce ya jiki ba.

Ya ce, "Kai bawana, labari ya iske ni har gida. An ce dutsi bai kada kai ba, yunwa ba ta kada kai ba, wai alawar yara ta kada kai. Na ce ƙarya ne sai na gani da idona."

Ya sa hannu a aljihu ya fiddo bombon nan guda biyu. Ashe zuwa lokacin har masu tebur na ƙauyuka sun fara sayar da shi. Inna ta kama bakinta. Ni kam ji na yi kamar in nutse, don tun sallar nan ba wanda ya ƙara ambatar abin nan a gidanmu, yara ma an hana su shigowa da shi.

Ya ce, "Yau ni zan nuna maka yadda maza ke yi." Ya yi ta fama da ledar da dasashi har ta yage, ya jefa a baki, ya ƙura wa Baba ido yana harɗe hannuwa.

Bai daɗe ba. Bakin nan da ba haƙora ya shige ciki har haɓarsa ta kusa taɓa hancinsa, idanunsa suka ɓace, wuyansa ya ɗaɗɗaure, hularsa ta faɗo. Ya miƙe yana buga ƙafa yana cewa, "Wayyo Allah, wane kahiri ya yi wanga abu!"

Sai muka ji wani sauti daga gadon, kamar tari, kamar kuka. Baba ne ke dariya. Ƙyallen ya faɗi a cinyarsa, bakin a karkace, rabi na dariya rabi na rataye, kafaɗarsa ta hagu na girgiza, hawaye na zuba. Rabon da mu ji dariyarsa tun kafin salla. Inna ta juya baya tana share ido da bakin mayafi.

Da dariyar ta lafa, Baba ya miƙa hannu wajen ɗayan bombon. Inna ta ce a'a, zai sarƙe shi. Ya ci gaba da miƙa hannun. Sai ta karɓa ta fita, ta daka shi a ɗan turmin yaji, ta kawo garin a murfin kwano. Ta dangwala da yatsa ta sa masa a harshe. Fuskar ta yi abin da ta yi da salla, hagu ta tattare, dama ta tsaya. Wannan karon bai rufe ba. Ya bar taubashinsa ya kalla.

Tsohon ya daina tsalle. Ya sunkuya ya ɗauki hularsa ya kaɗe, ya ce a hankali, "To, rabinka ma ya hi ni duka dauriya. Tashi mu hita, ɗakin ga wari shikai."

Baba ya haɗiye yawu, ya haɗiye ba tare da ya sarƙe ba. Ya juyo wajen ƙofa inda nake tsaye, ya dube ni sosai, ya ce, "Uwata... ruwa."

Na tafi randa. Na ɗebo ruwan a moɗa na kai masa.

A ranar, wana da taubashin suka tallabe shi zuwa dakalin ƙofar gida. Daga nan kullum da la'asar can yake zama, masu wucewa masallaci su tsaya su gaisa. Ƙyallen yana hannunsa, amma don gogewa kawai. Inna ta lura in ta ɗan sa masa garin bombon a harshe kafin abinci, yawu kan zo, ya fi iya haɗiya. Na tambayi majo, ya ce kaɗan ba laifi, a dai kula kada ya ci masa harshe. Ta kuma ƙara tsamiya a kununsa. Ya ɗan yi ƙiba. Ni kuwa wannan ya zama tsarabata ta dole, duk zuwan da zan yi. Kore yake so, ya ce ja ba shi da gaskiya, tun ba a je ko'ina ba yake sakin zaƙi. Inna ma ta gane ba sai ta daka duka ba, sai ta kankare farin garin na waje da wuƙa ta ba shi, ta miƙa wa jikoki sauran. Shi ya ce, "Zaƙin na yara ne."

Hannun bai dawo ba, ƙafar ma sai ja. Maganarsa ta ɗan warware, ko da yake baƙo ba ya gane ta sai Inna ta fassara. Ya ga wata damina a haka, da rani biyu. Taubashin nasa ya riga shi tafiya, da sanyi, bayan gajeren ciwo. Da aka gaya wa Baba, ranar bai fita dakali ba, ya sa wana ya je Keita ya yi gaisuwa a madadinsa.

Ganina na ƙarshe da shi, ana dab da saukar ruwa ne. Ya ce a kai shi gona. Wana ya shimfiɗa katifa a amalanken jaki, muka ɗora shi, ni na zauna a gefe na riƙe shi. Rana ta yi sanyi, gabas ta fara haɗa gajimare. A bakin gonar ya sa aka tsaya. Ya daɗe yana kallon jerin duwatsun da ruwan bara ya ture a wani gefe, sannan ya ɗaga sandarsa da hagu ya nuna wa wana wurin, ya nuna inda za a ƙara ramuka, da inda taki bai isa ba. Wana yana cewa to, to. Da za mu juyo ya ce in ɗebo masa ƙasar. Na ɗebo na zuba masa a tafi, ya murza, ya shinshina, ya zubar.

Bayan mako kaɗan, ina cikin aji da safe, wayata ta yi ƙara. Wana ne. Ya ce jikin Baba ya tashi tun asuba, in taho. Daga muryarsa na san an riga an gama. Ruwa ya sauka a daren, kwazazzabai sun cika, motar da na samu ta yi ta tsayawa ana jiran ruwa ya janye. Ko da na isa an dawo daga maƙabarta, maza na zaune a ƙofar gida a kan tabarmi.

Na shiga wurin Inna. Tana zaune a ƙasa, an lulluɓe ta, mata kewaye da ita. Ta kama hannuna ta zaunar da ni kusa da ita, ta sa aka ba ni ruwa na sha. Ta ce bai wahala ba. Ta ce da ya ji saukar ruwa a kan rufi ya farka, ya tambaya ko an fidda iri, ta ce an fidda. Sannan ya tambaya ko ruwan ya kai Madawa.

Na ce mata ya kai, har ya shiga ajinmu.

Ta gyaɗa kai, ta ce, "To, madalla." Sai wasu mata suka yi sallama, muka gyara musu wuri.